Zainaba Mai Ƙugiya da Ledojin Gulbi

Duk wanda ya san mashayar da ke ƙasan unguwar malamai a Sabon Birni ya san Zainaba. Doguwa ce, baƙa, da zanen Gobirawa wanda ya fara dusashewa a kumatunta, kullum tana riƙe da doguwar gora wadda maƙeri ya sa wa ƙugiya a baki. Da gorar nan take tsamo ledoji daga gulbi. Akwai masu cewa taɓin hankali ne. Masu faɗin haka ba su taɓa tsayawa sun ga abin da ke cikin ledojin ba, kuma yawancinsu da hannunsu suka jefa su.

Ita ce 'yar fari a gidan Malam Usmanu, mai makarantar allon unguwar. Malam Usmanu mutum ne mai ƙarancin magana, wanda ya shekara uku yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Da ya gama ya sa shi a gafakar fata ya rataye a ƙuryar ɗaki. Shi ne kuma ya kai Zainaba sakandaren 'yan mata ta kwana a Isa, lokacin da ake ganin haka kamar zubar da yarinya ne. An yi ta surutu. Ya ce wadda ta riga ta haddace izu goma ba za ta ɓace don ta koyi lissafi ba, ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa.

Tun tana ƙarama ta ga yadda mahaifinta yake yi da takardun karatu idan sun tsufa. Ba ya barinsu a ƙasa, ba ya yarda a ƙunsa ƙosai a ciki. Yakan tara su har damina, sai ruwa ya kawo, gulbi ya cika yana gudu. Sai ya yi alwala, ya shiga har ƙirji, ya riƙa sakin takardun ɗaya bayan ɗaya. Tawadar wancan lokacin ta ruwa ce, kafin takarda ta yi nisan taku goma rubutun ya wanke, takardar kuma ta narke. Ana kiran wannan kai wa gulbi. Mutanen da ma can suna ganin girman gulbin nan. Kakar Zainaba ba ta yarda a tofa yawu a mashaya ba, tana cewa ruwa na da masu shi. Malam Usmanu bai yarda da wannan zance ba, amma shi ma bai tofa ba. Ya ce abin da ake alwala da shi ba a wulaƙanta shi.

A makarantar Isa akwai wata malamar kimiyya 'yar Indiya, 'yar siririya, wadda 'yan mata suka sa wa suna Mai Ɗigo saboda jan ɗigon da ke goshinta. Wata rana aka aiki Zainaba da wasu su kai littattafai gidanta, suka ga wata 'yar butar tagulla a kan kanta, an toshe bakinta. Suka tambaya. Ta ce ruwan koginsu ne, Ganga, daga gida ta zo da shi. Ta ce a addininsu na Hindu uwa suke kiran kogin. Suna wanka a ciki don neman tsarki, suna zuba masa furanni, suna zuba tokar mamatansu, idan an gama biki kuma a saka masa gumakan da aka shafa wa fenti. Wata daga cikin 'yan matan ta ce to a sha ruwan mana tunda mai tsarki ne. Malamar ta yi murmushi, ta ce ko ita ba za ta sha ba sai ta tafasa. Ta ce ga masu jima, ga magudanan birane, ga kuma su masu ƙaunarsa, kowa na zuba nasa, kuma idan ka ce ya yi datti sai a ce ka zagi uwa.

Suna fita suka fashe da dariya. Zainaba ce ta fi kowa. Har ta kwaikwayi muryar matar a ɗakin kwana, tana cewa mutane su ƙazanta abu kuma su ce girmama shi suke yi, wannan sai Indiya.

Ta gama makaranta, ta auri Attahiru malamin gona, ta haifi biyar, ta binne ɗaya. Da Attahiru ya rasu ba ta koma gidan kowa ba. Ta karɓi lambunsa na bakin gulbi ta ci gaba da noman albasa da tattasai, daga kuɗin albasar ta sayi wata jar saniya. An san ta da abu biyu: albasarta ba ta ruɓa da wuri, bakinta kuma ba ya ajiye magana ta kwana.

Sai zamani ya juya. 'Yan bindiga suka hana mutane sakewa a daji. Mutanen Gatawa da na ƙauyukan Tsamaye suka yi ta shigowa gari da tabarmi da tukwane da abin da suka iya ɗauka na littattafansu, wasu sun ƙone rabi. Ba mai kai dabba nesa kuma. Shanu, jakunan masu ɗibar yashi, masu wanki, masu ɗibar ruwan sha, kowa ya dawo mashaya ɗaya, wadda ake hangen gari daga bakinta.

A bazarar da ta cika shekara hamsin da biyu saniyarta ta fara ramewa. Tana ci, cikinta na kumbura, ƙashin bayanta na fitowa. An ba ta kanwa, an ba ta magani, ba sauƙi. Da ta kwanta ta kasa tashi, Zainaba ta aika aka kira Wada mahauci ya yanka ta kafin ta zama mushe.

Wada na cikin fiɗa ya ɗago kai. "Gwaggo Abu, taho ki ga abin da saniyarki ta tara miki. Kin ce harawa da dussa kaɗai kika ba ta. Ashe kantin leda ta buɗe cikin tumbi."

"Wada, bakinka ya hi wuƙarka kaihi," in ji ta. "Yi aikinka."

Ya jawo wani dunƙule baƙi, ya kai girman ƙwaryar fura, ledoji sun murɗe da juna kamar igiya. Ya sa wuƙa ya tsaga yana dariya. Sai dariyar ta tsaya. A tsakiyar dunƙulen akwai wata leda da aka ɗaure bakinta da kyau, wuƙar ta farke gefenta, ga takardu a ciki a ninke. Bugun inji ne, da jan layi a gefe. Wasullan ma suna nan, ba abin da ya goge.

Wada ya ajiye wuƙar, ya ja da baya. "Gwaggo, ba ni da alwala. Ke ɗauka."

Ta sa gefen mayafinta ta ɗauka. Ta karanta layin farko, daga surar da take karantawa a sallar asuba. Ba ta yi maganar saniyar ba kuma, ta bar wa Wada ya raba naman yadda ya ga dama.

Washegari ta gangara mashaya, ta duba da idon da ba ta taɓa dubawa da shi ba, alhali kullum ta nan take bi zuwa lambu. Ruwa ya ja baya, saura wani siririn zare a tsakiyar yashi. Ledoji ga su nan a saiwar ƙaya, a cikin laka, a tsakanin kashin jakuna. Da ta ɗauka duk na masu sayar da ruwan sanyi ne da na 'yan kasuwa. Ta buɗe goma, huɗu na ɗauke da takardun karatu.

A nan ta gane abin da ya faru da al'adar mahaifinta. Ba a daina kai wa gulbi ba, an dai ƙara mata ladabi ne irin na marasa tunani. Mutum zai ga ba daidai ba ne ya jefa ayoyi haka a fili, sai ya samo leda mai kyau ya ƙunshe, ya ɗaure, wani har ya sa leda biyu don ƙarin girmamawa. Ya tsaya daga bakin gaɓa ya wurga, ko da rani ne, ya koma gida zuciyarsa fari. Ledar kuwa aikinta ke nan, ta hana ruwa shiga. Rubutun da aka kawo don ruwa ya wanke shi sai ya zauna a bushe, lafiya lau, yana jiran kofato ko bakin saniya. Kuma waɗanda suka yi wannan ba jahilai ba ne, masu karatun ne.

Ta je wurin maƙeri aka yi mata ƙugiya. Kullum idan ta gama ban ruwa sai ta bi gaɓa da buhu. Ledar banza ta ƙone, mai takardu ta kai gida, ta shanya takardun a kan rufin ɗaki, ta jera su a tsohon akwatin aurenta. Ba duka ne na karatu ba. Wasu layu ne, wasu da gashi ko farce a ciki, na masu jifan juna. Nan surutun ya samo asali.

Maƙwabciyarta Firdausi ta tare ta a bakin rijiya. "Yaya Abu, ni dai gaya miki za ni yi don Allah. An ce asirin mutane kika buɗewa."

"Naki na ciki?"

"Wane irin nawa kuma?"

"To mi ya dame ki? Wanda nashi ke ciki ya zo ya karɓa, na shanya mishi ya bushe."

Ba wanda ya zo. Amma mata biyu sun daina sayen albasarta.

Ana cikin haka ƙanenta Malam Abdurra'uf, wanda ya gaji makarantar mahaifinsu, ya buɗe ƙuryar ɗakin da rufinta ya rufta a daminar da ta wuce. Gafakar Malam Usmanu na nan rataye, amma ruwa ya shige ta, gara ta bi. Alƙur'anin da aka shekara uku ana rubutawa ya zama ba ya karantuwa, ganye da yawa sun manne, wasu rabi kawai ya saura. Abdurra'uf ya yi hawaye. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zai kai wa gulbi. Ya aika kasuwa aka sayo masa farar leda mai kauri, irin wadda ake sa kayan lefe.

Labarin ya iske Zainaba ranar Laraba. Ko hannu ba ta wanke ba daga lambu, ta wuce gidan. Ta same shi a zaure shi kaɗai, ledar na ninke a gefensa.

"Audu."

Ita kaɗai ke kiransa haka, kuma sai ba kowa. Ya gyara zama. "Yaya, sannu da rana."

"An ce littahin Baba za ka sa cikin wagga aba."

"Abin da Baba ka yi, shi za ni yi."

"Baba da leda ya yi?"

"Zamanin Baba babu leda. Ni ba ni iya jefa rubutun Baba tsirara cikin ruwan da jakkai ka sha."

"To ledar ce ka kai shi bakin jakin. Na ciro aya daga tumbin saniyata, Audu. Tambayi Wada."

"Na ji wannan zance. Wani sakarai na da bai ɗaure da kyau ba."

"Ya ɗaure da kyau. Da bai ɗaure ba da ta narke."

Sai ya koma inda maza ke komawa idan magana ta ƙare musu. "Boko na ka magana bakinki."

"Boko da Baba ya kai ni. Can na ga wata mata 'yar Indiya, ta ce su ma gulbinsu ƙauna ce ka kashe shi. Na yi mata dariya har cikina ya yi ciwo. Yanzu ko in na tuna kunya nika ji."

Fuskarsa ta canza. "Kada ki haɗa mu da masu bautar ruwa, Yaya."

"Ban haɗa addini ba, kowa da nashi. Hali na haɗa. Ita dai ta san nasu ya ƙazanta, ta faɗa da bakinta. Kai ko ganin naka ba ka son yi."

"Juma'a za ni kai shi," in ji shi, ya jawo tasbaha. Maganar ta ƙare ke nan a wurinsa.

Zainaba ta san ƙanenta. Idan aka ja da shi da hujja sai ya kawo littafi, ya kawo wanda ya yi wa littafin sharhi, har rana ta faɗi. Don haka ba ta sake zuwa da baki ba. Ranar Alhamis ba ta yi ban ruwa ba. Ta wuni a wurin da masu ɗibar yashi ke ɗaure jakunansu, tana tona laka da ƙugiya. Ta san abin da take nema. Abdurra'uf da koren zare yake ɗinke izun ɗalibansa, kuma ta lura da shi yake ɗaure duk abin da zai ɗaure. Ta riga ta tsamo ledoji masu koren zaren da dama, amma duk ta buɗe su. Wannan karon wadda ba a taɓa ba take so. Kafin la'asar ta samu.

Juma'a bayan an sauko masallaci zauren ya cika da dattawan unguwa da suka zo rakiyar littafin Malam Usmanu. Gafakar na kan buzu, farar ledar na gefenta. Zainaba ta yi sallama daga waje, ta shigo da akwatin aurenta a ka da sabuwar tabarma a hammata. Mace ba ta shiga zauren a irin wannan zama, amma ba wanda ya isa ya ce wa 'yar fari ta fita daga zauren ubanta.

Ta shimfiɗa tabarmar. Ta yi bisimilla ta fara fito da takardun, ɗauri bayan ɗauri, har tabarmar ta rufe. Wasu da tabon laka, wasu da shatin haƙori.

"Malam," ta ce, don yanzu akwai mutane, "waɗanga na wata biyu ne kawai."

Sannan ta kwance wani tsumma ta ajiye abin da ke ciki a ƙasa, nesa da tabarmar. Leda ce baƙa, ta baje kamar an taka ta sau ɗari, busasshen kashin jaki manne a jikinta, koren zare a bakinta.

"Wagga ban buɗe ba. Mai ita ya buɗe."

Wani tsoho, Malam Is'haƙa, ya kalli zaren ya kalli Abdurra'uf, ya mai da idonsa ƙasa. Abdurra'uf ya tashi ya tsuguna, ya kwance ƙullin. Bai sha wahala ba, ƙullinsa ne. A ciki izu uku ne na bugun inji. A bangon na farko ga sunan wani ɗalibi da rubutun hannunsa, ga shekarar da ya rubuta. Shekara huɗu ke nan. Ko ɗigo bai goge ba.

"Ina kika same ta?" ya tambaya, muryarsa a ƙasa.

"Inda aka ɗaure jakkai."

Ya daɗe a tsugune. Malam Is'haƙa ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ma hwa na jefa. Ba sau ɗaya ba." Wani ya ce shi har leda uku yake sawa. Ba wanda ya yi dariya.

Abdurra'uf ya koma kan buzunsa, ya ɗauki farar ledar ya miƙa wa Zainaba. "Riƙe, Yaya, ki rufe irin albasa." Ya ce na bugun inji tawadarsu ba ta wankuwa, a haƙa musu rami mai zurfi a gefen maƙabarta, a naɗe su a farin ƙyalle a binne. Na Baba kuwa tawadar ruwa ce, zai jira damina ya kai yadda Baba ke kaiwa.

Zainaba ta so a binne har na Baban, don ta daina yarda da gulbin a hannun mutanen yanzu. Ta buɗe baki, ta dubi gafakar, ta tuna mutumin da ke tsaye cikin ruwa har ƙirji. Ta rufe bakin. Waɗanda suka san ta sun ce ba su taɓa ganin haka ba.

Ruwa ya kawo a wata na biyu na damina. Da hantsi Abdurra'uf ya yi alwala ya shiga, gafakar a kansa. Zainaba na tsaye a gaɓa da gorarta. Ya riƙa sakin ganyen ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya taɓa ruwa sai baƙin ya tashi kamar hayaƙi ya baje, takardar ta yi fari, ta yi laushi, ta nutse. Ta bi su da ido har lanƙwasar gulbin, ba ta ga ko ɗaya ya maƙale ba. Da ya fito yana ɗigar ruwa ya miƙa mata ganye ɗaya da ya rage, na ƙarshe, inda Malam Usmanu ya rubuta sunansa da ranar da ya gama. Gara ba ta taɓa shi ba. Ta sa a akwatin da ta kwashe wa takardu.

Ramin gefen maƙabarta na nan, an kewaye shi da ƙaya, makarantu uku na unguwar can suke kai nasu. Ledoji ba su ƙare a mashaya ba. Gulbi na kawo wasu daga sama, wasu kuma mutanen gari ne da suka ji wa'azin Malam Abdurra'uf da kunnensu suka ga dai leda ta fi ladabi. Zainaba ta sake ƙugiya sau biyu. Ta sayi maraƙa, amma a gida take ba ta ruwa.

Kwanan baya Wada ya gan ta tana jawo wata daga laka, ya tsaya da tiren namansa. "Gwaggo Abu, har yaushe za ki yi ta wanga aiki? Gulbin ga ya hi ki tsawo."

"Na hi shi naci," in ji ta. "Ajiye tiren ka riƙe mini bakin buhu."